Jajayen Tukwanen Jirgin Ruwa

Malam Sammani Ilu bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa a bakinsa shi ne na Tiga, shi ma tun yana saurayi. Amma a damunar bana sai ga kayan wani ƙaton jirgin ruwa zube a shagonsa da ke wani lungu a Fagge, can bayan Titin Ibrahim Taiwo.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana sassaƙa ƙarfe a kan inji. Idan wani abu ya karye a injin niƙa ko a famfon burtsatse, aka zagaye kasuwa aka rasa irinsa, wurinsa ake zuwa ya fitar da sabo. Don haka kullum a cikin neman ƙarfe mai kyau yake, kuma mai samo masa shi ne Chukwuma, wani dillalin kayan gwanjo a Sabon Gari da ke shigo da kwantena daga Turai. Wannan karon wakilin Chukwuma ya kwaso tarkacen wani wurin gyaran jiragen ruwa ne, inda aka sabunta wani jirgin shaƙatawa na attajirai aka zubar da tsofaffin kayansa. Chukwuma kansa bai san sunan ko ɗaya daga ciki ba. Ya dai ce wa Sammani ya zo ya zaɓa tun 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ba su ji labari ba.

Abubuwan da Sammani ya kwaso sun ba shi mamaki. Akwai wata farfela ta tagulla wadda fukafukanta ke naɗewa su haɗe kamar yatsun mai dunƙule hannu. Akwai fitila mai gilashi da kaurin tafin hannu, da dogon wuya na tagulla. Akwai wata ƙaramar farfela a cikin bututu, haɗe da murfi mai lanƙwasa. Sai kuma tukwane biyu jajaye, masu kama da tukunyar gas amma siriri da tsawo, kowace ta kai tsayin mutum, kuma sai ƙarti huɗu suke iya ɗaga ɗaya.

Ranar Litinin ya ɗauki hotunan kayan ya tura wa ƙanensa Usaid, autan gidansu, yana masa tsiya cewa shi ma ya zama mai jirgi. Usaid injiniya ne. Daga tashar jiragen ruwa ta Legas ya fara, yanzu kuma shekararsa tara yana aiki a wani jirgi mai tafiya da iska, mallakar wani attajiri da bai gan shi ba fiye da sau uku. Idan suna tsakiyar ruwa yakan yi kwanaki bai duba waya ba, shi ya sa Sammani bai damu da shirun ba.

Ranar Laraba abokinsa Bahauddeen, mai walda a Kwaciri, ya biyo ta shagon ya ga tukwanen. Ya ce wata mai abinci a Sabon Gari ta daɗe tana neman dogon kaskon gashin kifi, kuma idan aka tsaga ɗaya daga cikin waɗannan a tsaye za a sami kasko biyu masu kauri. Sammani ya ce ya ɗauka. Aka loda masa a bayan wata akori-kura. Da yammacin ranar shi ma Sammani ya hau kan wadda ta rage kamar mai hawan jaki, ya sa babbar sifana a notin da ke bakinta, ya yi ta bugu da guduma. Notin ya ƙi motsi. Ya zuba masa baƙin mai, ya ja layi da alli a inda zai yanka, ya ce gobe zai sa mata wuta.

Alhamis da hantsi, yana cikin gyara wani sandan famfo, wayar Usaid ta shigo. Sun shiga tasha, in ji shi, sai yanzu ya ga hotunan. Yana dariya yana bayani ɗaya bayan ɗaya. Farfelar nan tana naɗewa ne idan an kashe inji ana tafiya da iska, don kada ta riƙe jirgi. Fitilar kuwa a jikin jirgi ake huda a dasa ta, ƙarƙashin ruwa, ba don komai ba sai don baƙin mai jirgi su ga kifaye suna yawo. Ƙaramar farfelar tana ɓoye a cikin cikin jirgi, sai an zo tsayawa ƙofa ta buɗe ta sauko ta tura hancin jirgin gefe. Sammani yana ta mamakin abin da masu dukiya ke kashe wa hankali.

Sai dariyar ta yanke.

"Yaya, jajayen tukwanen nan na hoton ƙarshe, suna ina?"

Sammani ya ce ɗaya ga ta nan a ƙarƙashin tebur, yau zai yanka ta.

"Kada ka taɓa ta. Kashe injin da ke gabanka, ka saurare ni."

Sammani bai taɓa jin muryar ƙanensa haka ba. Ya kashe injin. Usaid ya yi masa bayani a hankali, kamar mai tsoron kada maganar ma ta girgiza wani abu. A ƙasan irin waɗannan jirage akwai wani ƙaton ƙarfe mai kamar wuƙa, da curin dalma a ƙarshensa mai nauyin tirela biyu, shi ke hana iska kifar da jirgin. Idan za a shiga ruwa marar zurfi sai a janye shi sama zuwa cikin jirgi. Tukwanen nan su ke ajiye ƙarfin da ake ɗaga shi ko da inji ya mutu. A cikin kowace akwai iska da aka danne, wadda ta ninka ta tayar mota sau sittin ko fiye. Ƙa'ida ita ce a sace iskar kafin a cire su, amma ba kowa ke yi ba. Ya ce ya taɓa shiga wani wurin gyara kwana biyu bayan wani ya sa wa irinta wuta, ya tarar babu bango ɗaya, mutumin kuwa ba a bari kowa ya ga gawarsa ba.

Ya ce Sammani ya duba kusa da bakinta, ko akwai ɗan agogo mai nuna ƙarfin iskar. Akwai, maiƙo ya rufe shi. Sammani ya durƙusa ya goge da gefen rigarsa. Allurar ba ta kwance ba. Tana tsaye, ta wuce rabi.

Ya daɗe a durƙushe yana kallon notin da ya sha guduma jiya, duk gefensa ya lotse. Daga wajen shagon yana jin mai faci yana ciniki, da wata mata tana kiran 'yarta. Usaid ya tambaye shi ina ɗayar take, sai a lokacin ya tuna da Bahauddeen.

Ya kira shi sau huɗu, wayar tana shiga ba a ɗauka. Ya san dalili, Bahauddeen yakan rataye rigarsa da wayar a ciki idan zai fara aiki. Ya ja ƙofar shagon ya datse da kwaɗo biyu. Mai facin ya tambaye shi lafiya, Sammani ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya fasa. Idan ya ce akwai abin da zai iya fashewa a shagonsa, kafin ya kai bakin titi maganar ta zama bam. Mahaifinsa daga Biu ya zo Kano tun ba a haife shi ba, a Fagge aka yanke masa cibiya, amma takardunsa har yau Borno suke cewa. Bai manta shekarar da aka yi tashin bam a Sabon Gari ba, lokacin da ya yi watanni yana sassauta murya idan an tambaye shi asalinsa. Ya ce wa mai facin kawai kada ya bari kowa ya kunna wuta kusa da ƙofar, ya wuce.

Ya tari adaidaita sahu ya ce Kwaciri, shi kaɗai, kada a ɗauki kowa. An yi ruwa da asuba, titi duk taɓo, motocin kaya kuma sun cushe hanya. Yana ta kiran wayar Bahauddeen yana kasa kunne wajen arewa, yana jiran ya ji ƙarar da yake tsoro. Da wata babbar mota ta yi atishawa a gefensu sai da ya zabura ya bugi ƙarfen rufin. Direban ya dube shi ta madubi.

Ya sami Bahauddeen a rumfarsa yana waldar wata ƙofar gida, lafiya lau. Sammani ya duba ko'ina bai ga jan abu ba. Bahauddeen ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce ai tukunyar ta fi ƙarfin kayan aikinsa, tun da safe ya aika da ita Sabon Gari. Akwai wani Abdulhafiz mai yankan ƙarfe a layin mai abincin, shi zai tsaga ta a ƙofar shagonta, in ya so shi Bahauddeen ya je ya sa mata ƙafafu. Da Sammani ya faɗa masa abin da ke ciki, sai ya ajiye abin waldar a ƙasa a hankali, ya ce ba shi da lambar Abdulhafiz, ta Madam Monica mai abincin kawai gare shi. Suka kira, a kashe.

Suka koma cikin adaidaitar su biyu. Sammani ya kira Chukwuma, tunda shi ne kusa. Da farko Chukwuma ya ɗauka ƙorafin kaya ne, ya fara cewa shi bai tilasta wa kowa saye ba. Da ya fahimta sai ya ce ya san shagon Monica, 'ya'yansa ma can suke cin abinci idan sun taso makaranta, yanzu zai tafi da ƙafa. Sammani ya haɗa shi da Usaid, saboda Usaid ya ce a duba cikin sauran kayan kwantenar ko akwai wani ɗan akwati mai tiyo siriri da agogo da kan tagulla, da shi ake sace iskar.

Tafiyar daga Kwaciri zuwa Sabon Gari ba ta taɓa yi wa Sammani nisa haka ba. Bahauddeen sai salati yake a hankali. Shi kuwa lissafin da ba ya so yake yi: an kai tukunyar wajen ƙarfe tara, yanzu sha biyu ta wuce, mai yanka ba ya ajiye aiki awa uku. Da suka iso bakin kasuwa hanya ta tsaya cak, suka sauka suka kama gudu, dattawa biyu masu furfura suna tsallake kwata, mutane suna binsu da kallo.

Layin matsattse ne, benaye hagu da dama, shagunan kayan mota a ƙasa. Shagon Monica yana tsakiya, da rumfar kwano da bencina cike da masu cin abincin rana. Tukunyar tana kwance a kan wasu duwatsu biyu a bakin kwata, taku uku daga murhun da ake soya kifi. Wani mutum ya ɗora ƙafa a kanta yana cin shinkafa.

Sammani ya matsa ya duba. A bayanta akwai tsagi mai sheƙi, tsawon kamu ɗaya, inda faifan injin yanka ya fara ci. Injin yana ajiye a gefe da wayarsa a jone. Wata mace mai jiki, da tawul a kafaɗa, ta fito tana tambayar Bahauddeen ko lafiya, da Hausarta tas ta haifaffiyar Sabon Gari. Ita ce Monica. Ta ce Abdulhafiz ya fara yanka ke nan aka ɗauke wuta, ya jira ya gaji, ya tafi aro janareta, yanzun nan zai dawo.

Abu na farko da Sammani ya yi shi ne zare wayar injin daga soket. Sannan ya ja Monica gefe ya faɗa mata komai. Ta dube shi, ta dubi tukunyar, ta dubi murhun.

"Malam, ka tabbata?"

"Ƙanena aikinsa ke nan. Ga agogon can, duba allurar."

Ba ta je ta duba ba. Ta ce kada ya sake ya ambaci fashewa da ƙarfi, a layin nan akwai waɗanda suka rasa 'yan'uwa a tashin bam na wancan karon, idan aka ruɗe za a tattake mutane. Ta juya ta ɗauki bokitin ruwa ta kashe murhun da kanta, kifin yana cikin mai. Ta ce wa masu cin abinci tukunyar gas ɗinta ce ke yoyo, kowa ya ɗauki kwanonsa ya koma bakin titi. Ta bi shagunan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana magana ƙasa-ƙasa, ta aika a sauko da wata tsohuwa daga benen da ke saman shagon. Cikin minti goma layin ya yi fayau. Ita ce kuma ta kira 'yan kwana-kwana da wayar wani maƙwabci, aka ce motarsu tana wani aiki a Rijiyar Lemo, za su zo da sun gama.

Abdulhafiz ya iso yana tura janareta a baro. Da aka yi masa bayani ya zauna a bakin wani shago ya riƙe kai. Bayansa kaɗan sai ga Chukwuma, jiƙe da gumi, rungume da wani ɗan akwatin roba. Ya ce sai da ya zazzage rabin sitonsa.

Sammani ya kira Usaid ta bidiyo ya nuna masa tsagin. Usaid ya sa ya matso da wayar, ya sa ya zura ƙusa ya auna zurfin. Ya ce an ci kusan rabin kaurin ƙarfen. Ga rana ta fito bayan ruwa, tana dukan tukunyar, ƙarfen kuma ya riga ya ɗumama da murhu, duk zafin da ya ƙaru ƙara matsa iskar yake. Ba zai iya cewa za ta jira 'yan kwana-kwana ba, ba zai iya cewa ba za ta jira ba. Ɗaga ta kuwa bai ma taso ba. Ya ce abin da ke akwatin daidai ne, amma sai wanda ya san zaren noti, domin idan aka ɗaura shi a karkace aka buɗe, kan tagullar zai fita kamar harsashi.

Babu wanda ya dubi Sammani, shi ma bai dubi kowa ba. Duk wanda ke wurin ya san wane ne ya yi shekara ashirin da bakwai yana yanka zare a ƙarfe. Ya yi tunanin matarsa Jawahir, wadda a yanzu haka tana jiran ya aiko a karɓi abincinsa. Ya ji yana son ya kira ta, ya kuma san idan ya ji muryarta ba zai iya ba. Ya cire agogon hannunsa da hularsa ya miƙa wa Bahauddeen, bai san dalilin da ya sa ya yi hakan ba. Ya karɓi akwatin.

Taku ashirin ne daga inda mutane suka tsaya zuwa tukunyar. Ya jingina wayar da dutse yadda Usaid zai gani, ya durƙusa a gefe, ba a saitin bakin ba, kamar yadda aka ce masa. Ƙarfen da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Warin kwata da na man kifi suka cika masa hanci. Ya warware ɗan murfin da ke kan bawul, wato ƙofar iskar, ya fito da sauƙi. Ya ɗauko kan tagullar, sai ya ga hannunsa yana karkarwa har tiyon yana kaɗawa.

"Ajiye, Yaya," in ji Usaid. "Yi numfashi. Ba sauri muke ba."

Ya ajiye. Ya goge tafinsa a cinyarsa, ya karanta abin da ya zo bakinsa. Ya sake ɗauka, ya rufe ido, ya juya shi baya kaɗan har ya ji zaren ya faɗa gurbinsa, yadda yake yi kullum a shago, sannan ya ɗaura. Ya tafi sumul har ƙarshe. Usaid ya sa ya nuna masa ta kowane gefe, sannan ya ce ya murɗa hannun da ke saman kan tagullar a hankali har allurar sabon agogon ta motsa. Ta yi tsalle ta tsaya. Usaid ya ce yanzu ɗan ƙaramin maɓallin gefe, ya murɗa shi rubu'in juyi kawai.

Ƙarar da ta fito ba irin ta taya ba ce. Wani siririn ihu ne mai shiga haƙori, ya cika layin ya dawo daga bangon benaye. Can baya wasu suka watse da gudu. Sammani ya ji fitsari yana neman kubce masa. Tiyon ya miƙe yana dukan ƙasa, ya take shi da gwiwa. Usaid yana magana amma ba ya jin komai, sai ya ga yana masa alama da hannu cewa ya riƙe haka.

Maɓallin yana son rufe kansa saboda girgiza, dole ya riƙe shi da yatsu. Bayan ɗan lokaci ya ji tagullar tana sanyi, sanyin ya zama zafi. Ya duba ya ga ta yi fari fat, ƙanƙara ta fito mata a tsakiyar ranar Kano, tana hayaƙi. Yatsunsa uku suka mutu. Bai saki ba, domin a ransa gani yake da ya saki abin zai tashi. Idonsa yana kan tsagin nan mai sheƙi da ke kusa da kafaɗarsa. Sau biyu tukunyar ta yi wani ɗan ƙas, kamar kwanon rufi idan rana ta faɗi, kowane karo sai ya ji ransa ya bar jikinsa ya dawo.

Allurar tana sauka kamar ba ta so. Aka kira sallar azahar a wani masallaci can nesa, aka idar, yana nan durƙushe. Ihun ya koma huci, hucin ya koma kamar numfashin mai barci, daga nan ya ɗauke. Usaid ya sa ya buɗe maɓallin gaba ɗaya, ya jira, ya ƙwanƙwasa gilashin agogon. Allurar tana kwance.

"Shi ke nan, Yaya. Ƙarfe ne kawai yanzu."

Sammani ya so ya tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Chukwuma da Bahauddeen ne suka zo suka ɗaga shi, Monica ta kawo ruwan ɗumi a roba ta sa masa hannun a ciki. Sai a lokacin ya ga motar 'yan sanda a bakin layin, wani ya kira su tun da ƙarar ta fara.

Babban cikinsu ya nemi sanin mai kayan. Sammani ya ce shi ne. Aka karɓi katin shaidarsa, jami'in ya karanta, ya ɗago ya dube shi, ya sake duban katin. Abin da Sammani ya yi ta gudu tun safe ke nan, amma ya gaji har ba shi da sauran ƙarfin jin tsoro. Kafin a yi masa tambaya ta biyu Monica ta shiga tsakani, ta ce mutumin nan da ƙafarsa ya zo, kuma shi kaɗai ya durƙusa a gaban abin lokacin da kowa ya ja baya. Chukwuma ya ce kayan daga kwantenarsa suka fito, yana da takardunsu, in tafiya za a yi da shi za a tafi. Jami'in ya karɓi wayar ya yi magana da Usaid na ɗan lokaci, ya rubuta bayanin kowa, ya mayar wa Sammani katinsa. Ya tambaya ko akwai wata irinta.

Akwai. Da la'asar aka rufe lungun Fagge, aka fitar da maƙwabta, 'yan kwana-kwana suka tsaya da motarsu. Sammani ya buɗe kwaɗunan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon layin allin da ya ja da hannunsa. Aka miƙo masa akwatin, ya kai hannu, hannun ya ƙi rufuwa. Ya ce ba zai iya ba, bai kuma ji kunyar faɗa ba. Wani dattijo cikin 'yan kwana-kwanan ya sa safar hannu mai kauri ya shiga, Sammani ya tsaya daga bayan bango yana faɗa masa yadda zai ji zaren, Usaid yana kallo ta waya. Wannan ta fi ta farko cika. Ana kiran magariba ta yi shiru.

Monica ta ce ba ta son kaskon, ko kyauta, ba za ta iya gasa abin da mutane za su ci a kansa ba. 'Yan gwangwan ne suka kwashe tukwanen biyu bayan an cire musu baki an leƙa ciki. Chukwuma ya rufe sitonsa kwana biyu yana tura wa Usaid hoton duk abin da ya rage, har aka ware wasu abubuwa uku aka miƙa wa hukuma.

Yatsun Sammani suka yi bororo, fatar ta saɓule, sai da ya yi sati uku bai kama aiki sosai ba. A gida ya ce ƙarfe ne ya ƙone shi, Jawahir ta sa masa magani ba ta ja maganar ba. Amma ta lura ba ya cin abinci, kuma ranar da murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida ta ga ya dafe bango. A rana ta huɗu, bayan ya dawo daga sallar asuba, ta ajiye masa koko ta zauna a gabansa ta ce ba za ta tashi ba sai ya faɗa mata. Ya faɗa mata tun daga farko, bai rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan bakinta. Da ya gama ta tambaye shi me ya sa bai kira ta ba kafin ya durƙusa. Ya ce da ya kira da bai je ba.

Ta tura masa kofin ta ce ya sha kafin ya huce, ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Yana zaune yana jin kukanta a hankali ta cikin ƙofar. Ya ɗauki kofin da hannun hagu ya sha.